Baƙon da Ya Zo Auna Mazurari

Tun a bakin ƙofa na ƙi yarda da mutumin nan. Takalminsa sabo ne fil, amma an goga masa ƙasa don ya yi kama da wanda ya sha dutse. Shekara talatin ina sauke masu zuwa zamiyar ƙanƙara a gidana a nan ƙauyen Espidar, sama ɗakunan kwana, ƙasa ɗakin shayi, kuma ban taɓa ganin wanda ya iya zamiya da gaske ya damu da yadda takalminsa yake ba.

Ya ce sunansa Siyamak, daga Tehran. Aikinsa wai ya zaga duwatsun yankin nan ya auna gangaren da ya fi tsayuwa, irin wanda sai ƙwararru, ya rubuta wa mutane su karanta a waya. Kafin la'asar kowa ya koma kiransa Injiniya, don a nan duk mai tabarau da farin hannu Injiniya ne.

Da aka tsayar da kujerun da ke hawa da mutane kan dutse, maza suka taru a ɗakin shayi yadda suka saba. Ɗana Kiyumars yana nan, shi ke koyar da zamiya, shi ke kuma jagorantar waɗanda suka ƙware. Rahmat ma yana nan, tsohon da ke kula da kujerun, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in da sukari a ciki.

Injiniya ya ajiye waya a kan tebur ya fara jero mana duwatsu.

"Na bakin birni ku cire shi a lissafi, wurin ɗaukar hoto ne. Na Kuhsabz dogo ne, amma a kwance yake, kana iya gyangyaɗi kafin ka kai ƙasa. Wanda ya ba ni tsoro shi ne gangaren da ake kira Bango, na ƙauyen Shirdarre. Digiri arba'in da biyar."

Rahmat ya ce, "Shirdarre? Mutanen da akuyarsu ma sai da sanda take saukowa?"

Aka yi dariya. Injiniya bai yi ba. Ya ce, "Naku na auna da safe. Talatin da takwas. Yana da kyau, ban raina ba. Ya dace da iyali."

Na ga kunnen Kiyumars ya yi ja. Jagoran Shirdarre, Ardeshir, sa'ansa ne, tun suna yara suke kishin juna a kan dutse. Ɗana ya ajiye kofi ya ce, "Abin da ka auna hanyar baƙi ce, Injiniya. Ba ka ga Mazurari ba. Bango a gabansa shimfiɗa ce."

"Na ji labarinsa. An ce a rufe yake."

"A rufe ga waɗanda ba su san shi ba." Sai Kiyumars ya sa hannu a ƙirji yadda ake yi. "In kana so, ni bawanka ne, sai in kai ka."

To wannan tayi ne. Jaririn da aka haifa jiya ya san tayi ne. Kai kuma sai ka ce a'a, Allah ya ƙara girma, ba zan wahalar da kai ba. Ya sake, ka sake ƙi, ya yi na uku, ka ƙi, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Injiniya ya ce, "Na gode. Jibi da safe ya yi?"

Kiyumars ya kalli mazan nan goma sha biyu da ke kallonsa, ya ce, "Jibi."

Mazurari wani lungu ne tsakanin duwatsu biyu, sama da faɗi, ƙasa a tsuke. Ni ban taɓa ɗaura katakon zamiya a ƙafata ba, ban san digiri ba. Amma shekara arba'in ni da marigayi Mashdi Nusrat, uban Kiyumars, muna kora tumaki cikinsa duk kaka. Tumaki su cinye ciyawar har gindi, su bar tsinke-tsinke da ramukan kofato, ƙanƙara in ta sauka ta sami abin kamawa. Bara da rani Kiyumars ya sayar da garken, wanda shi ne na ƙarshe a ƙauyen, wai ba mai kiwo. Na ce kar ya sayar, ya sayar. Wannan kakar ba bakin da ya taɓa Mazurari. Da idona na ga ciyawar ta kai gwiwa, ta bushe, ta kwanta ƙasa sumul kamar gashin da aka shafa wa mai. A kanta ƙanƙarar bana take zaune. Ga shi kwana uku ana zubawa, ga iska mai ɗumi ta fara tasowa daga kudu. Ƙanƙara irin wannan, mutum ɗaya ya taka ta, sai ta zubo gaba ɗaya ta binne shi.

Na sami Kiyumars a ɗakin kaya yana goga wa katakansa kakin zuma.

Na ce, "Ba za ka ba."

"Nane, na riga na faɗa." Nane suke kirana, wato inna.

"Tayi ka yi. Shi ne mara tarbiyya."

"Ko ma mene ne, a gaban mutane na faɗa. Gobe war haka labari ya kai wa Ardeshir."

"Ciyawa tana ƙasa, Kiyumars. Ba a ci ta ba."

Ya yi 'yar dariyar nan da yake yi mini tun da ya koyi karatu. "Nane, akwai na'urar da ke faɗa mana yanayin ƙanƙara. Ba a tambayar tunkiya yanzu."

"Na'urar ta tona ta ga abin da ke ƙasa?"

Ya ci gaba da guga.

Na koma na zauna ina tunani. Abin da ya tsaya mini shi ne, mutumin nan ba wanda ya tashi a ƙasar waje ba ne. Da na ba shi miya da rana sau biyu ya ƙi kafin ya karɓa. Da zai shiga ɗaki sai da suka yi ta kai-fara-kai-fara da Rahmat. Ya san al'ada sarai. To me ya sa a nan kaɗai ya manta? Kuma wa ya gaya masa Mazurari a rufe yake, shi da ko kwana bai yi a garin ba?

Washegari da hantsi na ce wa surukata Mahrokh ta danna mini lambar Gauhar, uwar Ardeshir. Shekarar da hanya ta toshe wata biyu, nonon Gauhar ya ƙafe tana gidan ƙanwarta a nan Espidar. Kwana arba'in ina shayar da Ardeshir a dama, Kiyumars a hagu. Ban taɓa tuna mata ba, don abu irin wannan ba a taɓa shi sai ranar da ake bukata.

Muka gaisa, ta tambayi gwiwata, na tambayi hawan jininta.

Na ce, "'Yar'uwa, ɗana Ardeshir yana lafiya? Har yanzu yana cizo in yana jin yunwa?"

Gauhar ba wawuya ba ce. Ta ce, "Zarrin, faɗi abin da kike so."

"Wani mai tabarau ya sauka wurinku makon jiya. Ku kuka turo mini shi?"

"Na rantse da kabarin mijina ba mu muka turo shi ba."

"Amma ya sauko ta Bango?"

Ta fashe da dariya har tana tari. "Wa? Wannan? Ya hau dai. Ya leƙa daga baki, ya miƙa wayarsa ya auna, ya ce gwiwarsa tana damunsa, ya dawo ƙasa a kujera. Ardeshir ne ya sauko shi kaɗai, baƙon yana daga gindi yana ɗaukar hoto. Da zai tafi ya tambaya ko akwai wanda ya fi wannan, yara suka ce sai dai Mazurari, amma an hana. Iyakar abin da na sani ke nan."

Yara suka ce. Waɗanne yara, ban tambaya ba, kuma ban ce na yarda da rantsuwar ba. Mijin nata ma da ransa ba a yarda da shi ba. Amma na sami abin da nake nema. Ashe Injiniya ba shiga zai yi ba. Ɗana zai tura, shi ya tsaya a inda ba abin da zai same shi, ya ɗauki hoto.

Mahrokh ta ce, "Nane, mu gaya wa Kiyumars."

Na ce, "In ya ji Ardeshir ya sauko shi kaɗai, shi ma shi kaɗai zai sauko, da waƙa ma. Ki yi shiru. Ki dafa miya da yawa."

Da la'asar ɗakin ya cika fiye da jiya, don labari ya zaga. Na ba Injiniya wurin da ya fi ɗumi, kusa da murhu. Na zuba masa shayi da hannuna. Na bari sai da kowa ya zauna, sannan na ɗaga murya yadda kurma ma zai ji.

"Kiyumars, gobe kar ka ba ni kunya."

Ya ɗago da mamaki. "Kunyar me, Nane?"

"Na san halinka, in ka ga gangare kana manta tarbiyya. Mutumin nan baƙonmu ne, ya ci gurasarmu. Ya sauko ta Bango, ba ƙaramin mutum ba ne. In kun kai bakin Mazurari, baƙo ne gaba. Ubanka ko ƙofar turke bai taɓa shiga gaban baƙo ba."

Rahmat ya buga tebur. "Wallahi Nane Zarrin ta yi gaskiya! Ƙanƙara sabuwa, ba wanda ya taka, a ce ɗan gida ya fara ɓata ta? Ai sai Shirdarre su ce ba mu da kunya."

Sauran suka ɗauka, e, baƙo ne gaba, haka aka gada.

Injiniya ya gyara tabarau. "Hajiya, ai jagora ne ke fara shiga. Haka ƙa'idar take ko'ina."

Na ce, "Ko'ina ban sani ba, ɗana, ni nan na sani. A Shirdarre wa ya fara shiga, kai ko Ardeshir?"

Ya dube ni. Na dube shi. Na ƙara masa sukari a faranti. A nan ya gane na sani, kuma ya gane tambaya ɗaya ta rage in yi.

Kiyumars, wanda bai san komai ba, ya sa hannu a ƙirji. "Nane ta faɗa. Bismilla, Injiniya, kai ne gaba."

"A'a, Allah ya ƙara girma, ban isa ba."

"Na roƙe ka."

"Ba zai yiwu ba. Gaskiya ma gwiwata tun jiya take damuna."

Rahmat ya ce, "Wacce? Ta dama ko ta hagu? Akwai mai ɗori a bayan masallaci, jaki ma yana gyarawa."

Kiyumars ya yi na uku. Injiniya ya ƙi na uku, ya ce a bar maganar Mazurari sai wata shekara, ba ya so ya wahalar da kowa. Wannan karon ya tuna al'ada daga farko har ƙarshe. Wani daga baya ya ce to Kiyumars ya sauko shi kaɗai mana a ɗauka. Na juya na ga ɗan Kazem mai gurasa ne. Na ce masa, "Mai gida ya ci abinci baƙo yana kallo? Uwarka haka ta koya maka?" Ya sunkuyar da kai. Na riƙe sunansa.

Injiniya ya tafi da sassafe, ko shayi bai tsaya sha ba. Bayan kwana huɗu Mahrokh ta karanta mini abin da ya rubuta. Bango ne na ɗaya. Espidar na uku, wai wuri ne mai kyau ga iyali, mutanensa suna da karamci. Mazurari ko sunansa bai sa ba.

Kiyumars ba wawa ba ne, jinkirin ganewa kawai yake da shi, irin na ubansa. Ranar da aka karanta rubutun ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Kin kira Gauhar."

Na ce, "Na gaishe ta."

"Kin sa an sa mu na uku, Nane. Bayan Kuhsabz. Kuhsabz!"

"Na uku ma a raye ake karanta shi."

"In Mazurari bai zubo ba bana fa?"

"To bai zubo ba."

Ya fita. Kwana tara bai ce mini ko ina kwana ba, abincinsa ma sai Mahrokh ta kai masa ɗakin kaya. Ban bi shi ba. Har yau da nake wannan magana Mazurari bai zubo ba, yana nan fari sumul, kuma duk wanda ya shigo shan shayi sai ya san yadda ya yi ya faɗa mini haka.

Katakan Kiyumars iri biyu ne, siraran na koyar da baƙi a hanyar ƙasa, masu faɗin na shiga ƙanƙarar da ba a taka ba. Na mayar da shimfiɗar sallata bakin tagar da ke kallon ɗakin kaya. Kullum da safe ina nan zaune da carbi har ya fito, in ga waɗanda ya saɓa a kafaɗa. Yau ma siraran ya ɗauka. Saura wata biyu ƙanƙara ta narke.