Hannun Noma

Ummaru na ƙauyen Kashin Zama bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Ko a ajinsu na sakandare a Jega, ƙafafunsa ba sa shiga ƙarƙashin tebur, kullum rawa suke yi. Malam Surajo mai koyar da wasanni ya gaji da ganinsa yana zarya a baranda, ya miƙa masa ƙwallon kwando don a huta. Ashe an ba kura ajiyar nama.

Kafin ya gama aji biyar, babu makarantar da ba ta san hannunsa ba. Yakan yi tsalle, ya lanƙwasa wuyan hannu baya, ya saki ƙwallo a hankali, ta faɗa raga ko ƙarfe ba ta taɓa ba. Ranar da suka je Maiyama, 'yan can da suka zo yi masa ihu su suka raka motarsu da tafi.

Yana shekararsa ta biyu a kwaleji aka ba Kebbi jiharta. Sabuwar jiha na neman 'yan wasanta na farko, Malam Surajo ya aiko cewa bayan damina za a zaɓe su, kuma sunan Ummaru ne a bakin kowa. Daga nan barci ya ƙaurace masa. Hutu ya zo, maimakon ya zauna gida, kullum yana kan keke zuwa filin Jega. Can ya faɗo daga tsalle, wuyan hannun dama ya karye.

Mahaifinsa, Malam Hamidu, bai yi wata-wata ba ya kai shi Aliero wurin wani tsoho, Malami maɗori. Zauren cike yake da dattawa. Tsohon ya shafa karayar, ya yi tambayar da yake yi wa kowa kafin ya taɓa kara.

"Yaro, wane aiki kaka yi da hannun ga?"

Ummaru ya dubi mahaifinsa, ya dubi fararen gemun da suka kewaye shi. Ƙato kamarsa, ɗan kwaleji, ya buɗe baki ya ce wasa? Kunya ta kama shi.

"Noma, Baba."

"Madalla," in ji Malam Hamidu, har da gyara zama.

Aka ja, aka jera kara tun daga tsakiyar dantse har tafin hannu, aka ɗaure tam. Makonni suka yi ta ja. Ummaru ya auna tsakar gidansu da ƙafa har kaji suka saba da shi. Ya je gonar albasa, ya dawo, ya sake komawa, bai tsinana komai ba.

Ranar kwancewa Malami ya ba shi hauya ya riƙe, ya sa shi ya ɗaga kwandon albasa. Hannu ya ɗauka kamar bai taɓa karyewa ba, zaure ya ɗauki hamdala. Ummaru bai tsaya cin tuwo ba, ya hau keke sai Jega.

Ya yi tsalle, ya nemi lanƙwasa hannun, hannu ya ce bai san zancen ba. Ƙwallo ta tafi tsaye kamar an jefi kare, ta bugi allon bayan raga ta dawo. Ya sake, ya sake, har la'asar ta yi sanyi. Malam Surajo da ke gefe ya kau da kai, don abin ya ba shi tausayi.

Washegari Ummaru ya koma Aliero, idanunsa jajur.

"Baba, ka sake karya shi."

"Subhanallahi! In karya abin da Allah ya gyara?"

Sai a lokacin ya faɗi gaskiyar aikin hannun. Tsohon ya daɗe yana murza wuyan hannun da babban yatsa.

"Ɗana, mi ya hana ka hwaɗi? Makaɗa na zuwa nan, da maɗinka. Nasu ba ni barin shi shi daɗe, da wuri nika kwancewa in dinga tausa da man shanu har shi yi laushi. Kai ka ce noma, na yi maka na noma. Wanga ba shi sake karyewa, ba shi kuma lanƙwasawa."

Aka yi zaɓen 'yan wasa babu shi. Ran nan yana gona, mahaifinsa ya miƙo masa hauya. Ummaru ya karɓa, yana fatan ko ita ma ta ƙi shi. Ta zauna a hannunsa daram.