Na Constance Daban Aka Kwaɓa

"Ba suga ba, Hajiya. Miƙo min gishiri."

Na tsaya da kofin awo a hannu ina kallonta. Chundung na zaune a kujerar kicin ɗina, ta rufa da bargo har wuya, hular ulu a kanta domin maganin ciwon daji ya kwashe gashinta tas.

"Maman Longji, maganin nan ya fara taɓa miki kai ne? Gishiri a kukis?"

"Kaina garau yake. Arba'in mun gama, na suga. Wannan na arba'in da ɗaya ne, na Constance. Shi daban za a kwaɓa."

Sai na gane. Na ajiye suga, na ɗauko gishiri, kuma wallahi ban rage ko ƙwaya ba, har ɗan tozo na yi wa kofin.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce tsofaffi biyu sun haukace. Sunana Uwa. 'Yata Ramla ce ta kawo ni Amurka a 2006, tana aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, ni kuma in riƙe mata gida a Silver Spring. Bene hawa na uku muke, ƙofarmu na kallon ƙofar Chundung. 'Yar Filato ce, nas, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya Longji yana can Woodbridge da iyalinsa. Ranar da ta ji ina faɗa da injin wanki da Hausa, ta leƙo ta ce, "Mama, ba ya jin Hausa, na gwada." Tun daga ranar muka ƙulle.

Kowace Kirsimeti Chundung takan gasa kukis wa zumuntar matan cocinsu da ke Gaithersburg. Biskit ke nan, amma ba irin na kanti ba. Tana da wani ƙarfen yanka mai siffar mace, ta murza kwaɓin fulawa da bota da suga da ƙwai, ta yanka, ta gasa, sannan ta ɗaura wa kowace mace zanen zumunta da aisin, wato kwaɓin suga mai launi: shuɗin zane mai ɗigon rawaya, farar riga, ɗankwali. A gindin zanen ta rubuta sunan mai shi. Mata har ajiyewa suke yi su ɗauki hoto kafin su ci.

A Disambar 2010 obin ɗin da take gashi a ciki ya mutu ana saura kwana biyu bikin zumunta. Na ce ta kawo nan, namu zaman banza yake yi, tunda ni tuwona a kan murhu nake tuƙawa. Muka gasa tare. Ta kai coci da murnarta, har tana ba da labarin maƙwabciyarta Hajiya da ta cece ta.

Shekarar ce aka yi ta rikici a Jos, zukata duk a tafashe. Constance, Uwar Zumunta, wato shugabar matan, ta rasa ƙaninta a ciki, wannan ban raina ba, Allah Ya sani. To amma Chundung ma an ƙona gidan ubanta, mu ma ɗan yayata ya bar shagonsa toka. Constance ta tashi a gaban mata arba'in ta ce, "A obin ɗin wa kika ce?" Ta ɗauki tiren gaba ɗaya, ta taka zuwa kwandon shara, ta juye. Ba wadda ta hana ta. Chundung ta dawo da tire fanko, ta zauna a wannan kujerar dai, ta ce min, "Hajiya, har da wadda na rubuta sunanta a kai ta zubar." Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma sake taka cocin nan ba, shekara uku.

Yanzu ga Disamba ta sake zagayowa, likitoci sun sallamo ta gida, kuma ita nas ce, ba wanda zai ɓoye mata ma'anar wannan sallama.

Makon da ya wuce kafin gashin namu, Constance ta zo dubiya da mata uku. Ina nan ina gyara wa Chundung matashi. Ta shigo da turarenta da gwal a wuya, ta gaishe ni sama-sama, ta ajiye kwalin kukis na kanti a kan tebur. Na kanti fa! Suka yi waƙa, suka yi addu'a. Da za su tafi ta dafa ƙafar Chundung ta ce, "'Yar'uwa, abin da ya wuce ya wuce, ni na yafe miki."

Chundung ta rufe ido kamar barci ya ɗauke ta. Ƙofa na rufuwa ta buɗe idon.

"Kin ji? Wai ta yafe min."

"Na ji da kunnena."

"Hajiya, obin ɗinki yana aiki?"

"Ras."

"To gobe ki sa Ramla ta sayo bota. Mai yawa."

Kwana huɗu muka yi. Ni a rayuwata ban taɓa girki da awo ba, da ido nake zuba komai, amma Chundung ba ta yarda. "Wannan ba miyar kuka ba ce, Hajiya, shafe bakin kofin da wuƙa." In na kwaɓa sai ta ce a sa a firij ya huta awa guda. Na ce ni da na kwaɓa ban huta ba, sai fulawa? Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da kwalbar man gyaɗa nake murzawa, domin sandar murjinta ta yi min nauyi a wuyan hannu.

Wurin ado ne aka samu matsala. Hannunta rawa yake yi, ta matsa ledar aisin, zanen mace ta farko ya fito kamar an watsa mata shuni. Ta ajiye, ta juya fuska ga bango. Na ɗauki ledar na jujjuya, na ga ai wannan ba wani abu ba ne, ledar lalle ce. Shekara ashirin ina zana wa amare lalle a Zariya kafin idona ya fara gajiya. Na sa tabarau, na ja layi ɗaya.

"Kai! Hajiya, ashe muguwa ce ke, kika ɓoye min?"

Ita ke kiran suna, ni ke zanawa. Pauline mai son babban ɗankwali. Dorkas gajera, a rage mata zane. Tracy da ba ta taɓa zuwa da farar riga mai tsabta ba, amma a yi mata fara, mutuwa ake yi. Ɗigon rawaya da tsinken sakace muke sawa, ɗaya bayan ɗaya.

Na Constance kuwa, ranar ƙarshe, shi ya fi cin lokaci. Ya fito daga obin fari tas, ba ka ce ba. Chundung ta ce a yi masa aisin mai kauri, mai zaƙi, don cizon farko ya shiga da kyau kafin harshe ya farga. Na yi masa ɗankwali mai hawa uku, na yi masa sarƙar gwal. Na zuba duk iyawata a kansa, irin wadda nake ajiye wa amaryar da uwarta ta raina ni.

"Ranar da za a yi taron bankwana da ni za ki kai su," in ji ta. "Ke da kanki, da mayafinki. Kowa ta ci nata a wurin. Kuma Hajiya, ki kawar da ruwa daga teburin Constance."

"In ta tofar fa?"

"A gaban akwatin gawata? A gaban fasto? Constance ce fa. Za ta haɗiye wuta kafin a ce ta yi abin kunya."

Kafin in maida ita ɗakinta ta ce in ba ta guda ɗaya da ya rage ba ado, da sauran aisin. Na zaci ci za ta yi. Sauran na jera su a roba, takarda tsakanin kowane layi, na sa a firiza.

Ta ga Kirsimeti. Kwana uku bayanta, da hantsi, Longji ya ƙwanƙwasa ƙofata, ya nuna min ɗakinta. Na shiga. Rana ta faɗo a kan bargonta ta taga, bakinta a ɗan buɗe kamar za ta gyara min awo. Ni na rufe mata ido, Longji ya kasa.

An yi taron ranar Asabar ta biyu a Janairu, bayan azahar, a zauren cocin. Ramla ta kai ni a mota, tana ta cewa, "Mama, me ke cikin robar nan da kika rungume haka?" Na ce amana ce. Akwatin na gaba, hotonta da kayan nas a kai. Matan zumunta duk sun sha shuɗin zanensu, Constance a babban tebur kusa da fasto, jikarta a gefenta. Da na wuce ta wurin na gaishe su, na sunkuya kamar ina gyara mayafi, na zare gorar ruwan da ke gabanta na jefa a jakata. Allah Ya yafe min.

Longji ya karɓi makirfo ya ce mamansa ta bar wa zumunta saƙo, Hajiya za ta raba. Na buɗe roba. Sai na ji wata ta ce, "Wayyo Yesu, kukis ɗin Chundung." Na riƙa kiran suna. Pauline ta karɓa da hannu biyu tana kuka. Dorkas ta kalli guntun zanenta ta yi dariya da hawaye.

"Uwar Zumunta, Mama Constance."

Ta karɓa, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. "Ku duba, nawa ya fi na kowa. Ba na faɗa muku mun shirya ba?" Sai ta juya ga jikarta, yarinya 'yar shekara biyar, za ta miƙa mata.

Na yi wuf na riƙe mata wuyan hannu.

"Wasiyya ce, Mama. Mai suna ita za ta ci. A nan."

Fasto ya gyaɗa kai. "A cika wa marigayiya burinta."

Ta gatsa, babban gatsa, kai da ɗankwali duka. Na ga lokacin da aisin ya ƙare gishiri ya iso. Muƙamuƙinta ya tsaya. Idonta ya kawo ruwa, hannunta ya laluba inda gorar take, ya tarar da tebur. Ta dubi mata arba'in suna tauna nasu suna cewa zaƙin nan sai Chundung. Ta dubi akwatin. Sannan ta dube ni.

Ta haɗiye. Na ga wucewarsa a maƙogwaronta.

"A obin ɗin wa?" Muryarta a shaƙe, ni kaɗai na ji.

Ni kuwa na ɗaga tawa, har na baya su ji. "A obin ɗina, Mama. Duka arba'in da ɗayan."

Pauline ta dubi guntun da ke hannunta, ta jefa a baki. Dorkas ma haka. Constance ta daɗe tana kallon abin da ya rage, mace ba kai, da sunanta a gindin zane. Na zaci za ta ajiye. Sai ta sake gatsa, ta sake, hawaye na bin hodarta, har ta cinye, ta tsince ɓurɓushin da ya zuba a cinyarta ta sa a baki. Fasto yana ta cewa dubi ƙauna. Na tsaya a kanta sai da ta gama, sannan na ciro gorar na ajiye a gabanta. Ba ta taɓa ba har na fita.

A bakin mota Longji ya miƙo min wata 'yar roba, ya ce a firij ɗin mamansa ya gani. Sai da na isa gida na buɗe. Mace ce, ba shuɗin zane, an lulluɓe ta da mayafin farin aisin daga kai har ƙafa, layin duk a karkace, wani wuri ya yi tudu wani wuri fulawa na leƙowa. A ƙasa an rubuta Uwa, harafin ƙarshe ya zame ya faɗa gefe.

Na ɗan gutsuri bakin mayafin da tsoro, domin da Chundung ba a sani ba. Suga ne.

Sauran na naɗe a takarda na sa a firiza, tsakanin ƙullin daddawa da na kuka. Ƙarfen yankan nata yana nan a kan tagar kicin inda ta bar shi, da ɗan busasshen kwaɓi a gefen ɗankwalin. Ban wanke ba.