Shekarar da Layi Ya Zo Kan Yaya Gaspar

A ƙauyenmu, idan mutum zai roƙi Allah babban abu, sunansa yake kaiwa a rubuta. Akwai wani littafi mai baƙin bango a hannun dattawan coci, a ciki ake jera gidajen da za su ɗauki hidimar hanya a Mako Mai Tsarki, makon da ke kaiwa bikin Ista, gida ɗaya kowace shekara. Wanda layi ya zo kansa shi zai hau dutse ya saro gora, ya tsaga, ya kakkafa ta gefe da gefen hanya tun daga ƙofar coci har bakin teku, ya jera kyandir a kai, domin ranar Juma'ar da za a fito da siffar Uwa Maryamu tana bin gawar Ɗanta kada ta taka duhu. Layin kuwa dogo ne. Na san waɗanda suka rubuta suna da baƙin gashi, sai 'ya'yansu ne suka cika musu.

Yayana Gaspar ya kai sunansa shekarar da Ludwina, wadda muke kira Wina, ta cika tara. 'Yarsa ce tilo, kuma tawa ce, duk wanda ya ce ba haka ba ya zo ya same ni a rumfar kifi. Uwarta ta rasu tana da shekara uku, ni na goya ta, ni na cire mata ƙwarƙwata, ni na dake ta ranar da ta jefa takalmina a teku. A shekarar nan ciwon zuciya ya kwantar da ita, leɓɓanta suka koma shuɗi, likitan da muka kai ta wurinsa a birnin Larantuka ya ce mu dage da addu'a. Gaspar masunci ne, kuma mutum ne da za ka yini da shi a kwale-kwale ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya tafi gidan Baba Ignas Riberu mai riƙe da littafin, ya dawo ya ce da ni, "Na rubuta." Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Ta kuwa tashi. A hankali dai, amma ta tashi, ta koma makaranta, ta yi tsawo har ta fi ni, ta koyi ɗinki, ta sami keken kanta. Baki ne da ita irin nawa, ba ta gado wurin ubanta ba. Ta kan zauna da kwanon dakakkiyar masara a cinya tana ci tana tsokanata.

"Gwaggo, wannan kifin naki ya ga Ista biyu."

"Ki zo ki shinshina, marar kunya."

"Daga nan ma ina jin gaisuwarsa."

Kowace shekara idan an kwashe gorar hanya sai ta ƙirga da yatsu ta ce saura kaza a zo kanmu. Ta san saboda ita aka rubuta, kuma tana alfahari da haka ba kaɗan ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya layi ya zo. Tun watan Janairu Gaspar ya fara hawa dutse, ya tara gora a tsakar gida har ta kai ƙirjin mutum. Ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba, har fito na ji yana yi wata safiya.

Asabar ɗin da ta biyo Larabar Toka, ranar da muke fara azumi, da hantsi, ina tsakar gida ina ɓare ɓawon kifi, Wina tana ɗaki tana taka keke. Sai na ji ƙarar keken ta tsaya. Na jira, shiru. Na ɗaga murya na ce, "Ke Wina, aikin ke nan? Mai rigar gobe za ta zo!" Maganata ta ƙarshe gare ta ke nan, kuma ko ita ba ta ji ba. Na same ta ta kifa kai a kan yadin, ƙafarta tana kan matakin keken. Shekararta ashirin.

Ba zan ba da labarin jana'iza ba, ba na iyawa. Abin da zan iya faɗa shi ne masu zuwa gaisuwa sun kusa haukatar da ni. Kowa ya shigo da nasa dalilin a baki, kamar an aiko shi. Wani ya ce Gaspar ya sari gorar a wurin kakanni bai yanka musu kaza ba. Wata ta ce mujiya ta yi kuka a rufinmu sau uku, ita ta ji. Rofina maƙwabciyarmu ta dafa kafaɗata ta ce, "Nela, ki yi haƙuri, Allah ne ya fi mu son ta."

Na ce, "To ki ba shi ɗaya daga cikin naki mana, ai biyar ne da ke."

Na san ban kyauta ba, na kuma roƙe ta gafara daga baya. Fada, limamin cocinmu, ya zo shi ma, ya zauna kusan awa guda, ya sha kofi, ya riƙe hannun Gaspar, bai ce komai na kirki ba ya tashi. Shi ma na ji haushinsa, na ce a raina duk karatun limanci da ya yi a garin Maumere ga inda ya ƙare.

Gaspar kuwa ya mutu a tsaye. Ya daina fita teku, ya daina zuwa coci. Yakan zauna a kan tarin gorar nan daga safe har rana ta juya, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Idan na ajiye masa shinkafa ya ci loma biyu, idan ban ajiye ba bai tambaya.

Ranar Lahadin Dabino, farkon Mako Mai Tsarki, bayan an taso daga coci, Baba Ignas ya dogaro sandarsa ya shigo gidanmu. Ya tsaya a gaban Gaspar ya yi gyaran murya.

"Gaspar, ɗana, jibi Talata."

"Na sani, Baba."

"Maza za su taru a ƙofar coci da sassafe."

"Ga gora nan, ku kwasa. Ga kyandir a ɗaki. Ku ba wani."

"Ba a bayarwa, ka sani. Turken farko mai suna ne yake kafawa. Idan bai kafa ba, babu mai taɓa na biyu."

Gaskiya ya faɗa. Idan mai suna ya ƙi, hanya haka za ta zauna tsirara, Uwa Maryamu ta bi ta cikin duhu, kuma a ambaci gidan da abin har jikoki. A rayuwata ban ga an yi ba. Amma ni a ranar ina bayan yayana, don ina ganin na fahimce shi. Na fito daga madafa da ludayi a hannu.

"Baba, ku ƙyale shi. Wanda aka yi wa alkawarin ma ai bai cika nasa ba."

Tsohon ya yi alamar gicciye, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Petronela, bakinki." Ya juya ya fita a hankali. Ban ji na yi nasara ba, amma ban janye ba.

Litinin da la'asar na kai wa Gaspar dafaffen rogo da gasasshen kifi a inda yake zaune. Na ajiye, na zauna kusa da shi, na ce kada ya damu da surutun gari, ni zan tsaya a ƙofa in amsa wa kowa. Na ce idan yana fushi da Allah, to mu biyu ne.

Sannan ya ce, "Ba fushi nake ba, Nela. Ni na kashe ta."

Na ce, "Yaya, me kake faɗa haka?"

"Ranar da na je, shekara ashirin aka rubuta mini. Nan layi ya tsaya. Sai na ji gidan Diaz za su tafi aikin gona Sabah, can ƙetaren teku, nasu yana kan ta goma sha ɗaya. Na bi su har bakin jirgi na roƙe su mu yi musaya. Na ce kada Allah ya ga kamar ina ja masa rai." Ya ɗago ya dube ni. "Ki duba. Muddin alkawarin yana gaba, tana raye. Ranar da ya iso, aka ɗauke ta. Aronta aka ba ni zuwa ranar cikawa, ni kuma da azarɓaɓina na jawo ranar kusa. Da na bar shi yadda aka rubuta, da tana da sauran shekara tara. Da ta yi aure. Da kin goya ɗanta."

Ashe abin da yake ta juyawa ke nan kusan kwana arba'in a kan gorar nan, shi kaɗai, ni ina ta yi masa fushin da bai aike ni ba. Tausayinsa ya kama ni. Amma ni tausayina bai iya fita da taushi ba, tun ina yarinya haka nake. Na miƙe tsaye.

"Kai Gaspar!" Ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba sai ranar. "Shekara arba'in kana teku, har yau ba ka san ranar da kifi zai zo ba. Sau nawa ka fita da rantsuwa ka dawo mini da kwando wayam? Yau kai ne ka leƙa ka gano lissafin Allah? Wato yana can zaune yana jiran Baba Ignas ya juya shafi kafin ya san abin yi? Baba Ignas da tabaransa ke ɗaure da zaren kamun kifi?"

"To me ya sa a wannan shekarar? Duk cikin shekaru, me ya sa wannan?"

"Ban sani ba."

"Ke da kika san komai a garin nan."

"Wannan ban sani ba! Rofina ba ta sani ba, masu kaza ba su sani ba, Fada bai sani ba, shi dai ya fi mu hankali ya yi shiru. Kai ma ba ka sani ba, Yaya. Ba ka kai ka kashe ta ba. Ba ka kai ka ƙara mata ko yini ɗaya ba, balle ka rage."

Ina rufe baki na ji maganar ta dawo kaina. Ni ma ai jiya na tsaya da ludayi na yanke wa Allah hukunci a gaban dattijo, kamar ina wurin lokacin da aka yi yarjejeniyar. Na koma na zauna, na yi kukan da ban yi ba ko a makabarta. Ya bar ni na yi har na gaji.

Can ya ce, "Ko na je, kin san al'ada. Kafin in buga turken sai na faɗi nufina da ƙarfi kowa ya ji, roƙo ne ko godiya. Shekara goma sha ɗaya ina shirya godiya, Nela, har na haddace ta. Yanzu me zan ce?"

Na share hanci da gefen zani na ce, "Wannan ma ban sani ba."

Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba. Ya dai cinye rogon.

Talata tun gari bai gama wayewa ba na tafi ƙofar coci tare da mata, muka ɗora tukunyar kofi kamar yadda aka saba. Ban leƙa ɗakinsa ba kafin in fita, tsoro nake ji. Maza kusan sittin suna tsaye da adduna da igiyoyi, ba mai magana da ƙarfi. Rana ta fito ta bayan tsibirin Adonara, ta hau, kofi ya huce muka sake ɗumamawa. Wasu suka fara zama a kan katanga. Baba Ignas yana tsaye a bakin ramin farko da sandarsa, ya ƙi kujerar da aka kawo masa.

Sai aka fara matsawa gefe. Ga Gaspar tafe da turke ɗaya a kafaɗa da guduma a hannu, cikin rigar da ya kwana da ita, bai ko wanke fuska ba. Ya zo ya tsaya, ya sa bakin gorar a ramin. Wurin ya yi tsit, har ana jin ruwa yana dukan duwatsu a gaɓa.

Baba Ignas ya ce, "Gaspar Fernandez, faɗi nufinka."

Muryar Gaspar ta fito ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Ubangiji, abin da na roƙa yana wurinka. Godiya kuma bakina bai iya ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban gane abin da ka yi ba. Ga gorar dai na kawo."

Ba a taɓa jin irin wannan ba a ƙofar cocin nan. Maza suka dubi Baba Ignas su ga ko za a karɓa. Tsohon ya cire hularsa ya ce, "Amin," mu ma muka ce.

Gaspar ya ɗaga guduma ya buga, ta goce, turken ya kwanta a ƙasa. Ya ɗauka ya tsayar, ya sake bugawa, ya sake kuskurewa. Mata ba sa shiga aikin gora, amma ban san lokacin da na ajiye moɗar kofi na ratsa maza ba. Na durƙusa na kama turken da hannu biyu. Ba wanda ya hana ni.

Ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Riƙe da kyau, Nela. Ba na gani sosai."

Na ce, "Na riƙe, Yaya. Buga."