Man Ramar Inna

Dogo ya dangwarar da kofin shayinsa a kan teburin Ubale har shayin ya fantsamo.

"A halatta me? Wiwi? To gobe kuma sai a ce a halatta sata don ɓarayi su riƙa biyan haraji."

Rediyon Ubale mai shayi yana rataye a jikin darbejiya, ana ta muhawara a ciki kan ko ya dace a bar mutane su noma tabar wiwi don yin magani. An yi ruwa da asuba, garin Gumel ya yi sanyi mai daɗi, kuma Dogo ya fito da farin ciki. Ɗansa Abdulganiyu ya ci gwajin tuƙi a wani kamfanin jigilar riɗi. Abin da ya rage masa shi ne gwajin fitsari da za a yi a safiyar nan, don a tabbatar ba ya shaye-shaye. Idan ya tsallake, aiki ya samu.

"Ai ba ta sha suke nufi ba," in ji Cindo, maƙwabcinsa da ya daɗe yana gadi a Ikko. "Akwai wadda ake tatsar mai. Can na ga mata suna shafa shi a gashi."

"Ko a gashi ba ta shiga gidana. Duk wanda aka kama da ita a ɗaure shi, shi ke nan. In magani ake so, ga shi nan Allah ya ba mu a gonakinmu." Ya laluba aljihu ya ciro wata ƙaramar roba. "Ubale, ga man ramar da na ce zan nuna maka saboda ciwon bayan maiɗakinka. A kasuwar Maigatari na saya. Inna da ba ta iya miƙe gwiwa, yanzu a tsaye take sallah."

Cindo ya riga Ubale karɓa. Ya nesanta robar da idonsa, ya dubi koren ganyen da ke jikin takardar, sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Dogo, wa ya ce maka rama ce?"

"Ba ka ga ganyen ba?"

"Mai sayarwa ne ya faɗa?"

Mutumin dai cewa ya yi na ciwon gaɓoɓi ne, daga ƙetare. Rubutun jiki ma na Faransanci ne. Dogo ne da bakinsa ya ce ashe rama ma ana yin mai da ita, mai sayarwa kuma ya ce masa ƙwarai kuwa.

Cindo ya nuna wata adaidaita sahu da ke tsaye a bakin titi. A bayanta an manna hoton ganye mai yatsu sirara, irin na jikin robar sak.

"Kana jin yaron can don son kwaɗon rama ya manna shi?"

Ubale ya juya yana ta fifita wuta don kada a ga fuskarsa.

Ba dariyarsu ce ta dami Dogo ba. Tun kafin azumi, kullum da yamma Abdulganiyu ne yake shafa wa kakarsa man nan da tafin hannunsa, yana murzawa har ya shige. Jiya ma ya shafa. Dogo ya fizge robar, ya tsallaka titi, ya faɗa cikin adaidaitar mai hoton ganye.

"Wurin gwajin jini da fitsari na bayan tasha. Yi sauri, don Allah."

Samari sun cika bencin da ke barandar wurin, kowa riƙe da 'yar kwalba. Abdulganiyu yana kusa da ƙofa, sanye da farar shaddar da uwarsa ta goge masa. Dogo ya yafito shi zuwa gefen gini.

"Ka ba su?"

"Saura mutum ɗaya a gabana. Lafiya, Baba?"

Dogo ya buɗe aljihu ya nuna masa robar ba tare da ya ciro ta ba. "Wannan ba rama ba ce. Abin nan ne. Kuma da hannunka kake shafawa. Ka zo mu tafi, ka ce musu ba ka da lafiya, ka sha tsamiya kwana biyu ka dawo."

"Baba, wanda bai yi yau ba an wuce shi. Haka suka ce."

"To bari in shiga in yi wa matar can mai gwajin bayani tun kafin ta gani. In gaya mata ni na saya, laifina ne."

"Ka shiga ka ce mata akwai wiwi a gidanmu?" Abdulganiyu ya yi ƙasa da murya. "Ga wakilin kamfani can zaune kusa da ita."

Dogo ya leƙa. Akwai wani mutum mai tabarau yana danna waya. Ya share gumin goshinsa da hula. Sai a lokacin ya lura yaron bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"Kai ka san ganyen?"

"Baba, kowa ya san shi. Yana jikin huluna da riguna a kasuwa."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na nuna wa wani abokina mai shagon magani. Ya ce irin wannan daga 'ya'yanta ake tatsa, ba ya bugarwa. Kuma na ga Inna ta fara zuwa unguwa da ƙafarta. Na san in na faɗa maka a masai za ka jefa shi."

Gaskiya ne, don haka Dogo bai musa ba. Akwai wata tambaya da bai taɓa yi wa yaron ba, duk da fargabar da yake kwana da ita tun da samarin layinsu suka fara taruwa a kangon bayan makaranta.

"Kai dai ba ka taɓa..."

"Haba, Baba."

"To, to. Je ka."

Abdulganiyu ya shiga. Dogo ya tsuguna a inuwar gini yana jan carbi, yana ɓata lissafi yana sake farawa. Ya tuna yadda yaron ya yi shekaru yana bin motocin mutane a matsayin karen mota, yana dawowa da baƙin mai har gwiwar hannu. Ya ji robar ta yi masa nauyi a aljihu kamar dutsen guga.

Bayan wani lokaci mai tabarau ya fito yana kiran sunaye. Ya kira wani, ya kira wani, ya tsallake wani yaro da ya sunkuyar da kai ya fice ta baya. Sannan ya ce, "Abdulganiyu Shehu. Litinin da safe, ka zo da lasisinka."

Dogo ya miƙe. Ya so ya rungume yaron, sai ya ji kunyar mutane, ya kama gyara masa wuyan riga da ba abin da ya same shi. A hanya ya tsaya ya sayi tsire mai yawa, ya ce a ƙara albasa.

Da la'asar gidan ya cika da guɗa da barka. Safara'u, uwar yaron, tana ta raba tsire a faranti tana aika wa maƙwabta. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafa, ta naɗe zani zuwa gwiwa.

"Ina maigidan nawa? Ko ya zama direba ya sake ni?"

Abdulganiyu ya taso yana dariya, ya miƙa wa ubansa hannu don ya karɓi robar. Dogo ya dubi hannun, ya dubi gwiwar Inna. A kan hanyarsu ta dawowa ya wuce kwalbati biyu cike da ruwa, kowanne ya rage tafiya a kansa, bai jefa robar ba.

"Koma ka zauna. Daga yau ni zan riƙa yi. Kamfani kan sake gwada direbobinsu ba sanarwa."

Ya durƙusa, ya lakato man da yatsa, ya fara murzawa.

"Wayyo, Dogo, wannan hannu ne ko magirbi? A hankali mana." Ta karɓi robar ta girgiza ta kusa da kunne, ta leƙa ciki. "Man ramar ma ya kusa ƙarewa. Za ka Maigatari ranar Alhamis?"

Abdulganiyu ya sa tsire a baki yana kallon sama. Dogo ya ci gaba da murzawa, a hankali wannan karon.

"Zan je, Inna," ya ce. "Amma kada ki gaya wa Cindo."