Baƙin Mai a Bakin Farce

…shi farce ina ruwansa da doguwar suma, fitowa kawai yake yi. Ma'aikaciyar jinya ce ta ajiye mata abin yankan farce a gefen gado: "Yaya, a rage masa, kada ya yagi kansa." Ya yagi kansa? Wa? Mijin nata da tun ranar da jak ɗin ɗaga mota ya goce, motar ta sauko masa a ka, ko ƙuda bai kora ba?

Tana ɗago hannun. Hannun wane ne wannan? Tas, laushi kamar na jariri… Bakanike fa! Mutumin da sabulu ya gaji da shi ya sallama. Shatin baƙin mai na yatsu biyar a labule, biyar a ƙofar firji, biyar a bayan rigarta ta fita unguwa — tana masifa yana dariya, wai alama ya yi mata kada a sace masa mata.

Inji na hura masa numfashi — fuu, shiru, fuu. Da a tsaye yake, da tuni ya kasa kunne ya gano masa ciwo. Likita ya ce kumburin ƙwaƙwalwar ya sauka, amma… amma me? Wai motsin yatsa ba amsa ba ce, jiki ne kawai. Jiki ne kawai! To shi yana ina? Yana jin ta? Ko da bango take hira?

Ƙaramin yatsa — ƙas. Na kusa da shi — ƙas. Kullum goge shi ake da ruwan ɗumi, kantar tafin ta saɓule, warin gareji ya tafi. Asibiti ya yi abin da ya gagare ta shekara da shekaru, kuma haushinsa take ji.

Babban yatsa. Ga shi nan, siririn layi a tsagar farcen — baƙin mai. Na ranar hatsarin. Farcen ya turo shi har baki. In ta datse, wa za ta riƙa zuwa gani? In ta bari, gobe wata za ta yanke, a share…

Labulen ma ta wanke shi, wayyo, tun farko-farko, saboda 'yan jaje.

"Yaya, kin gama?"

Ƙarfen na buɗe a kan farcen. Hannun nasa ko gezau. Ta gaji, Allah ya sani ta gaji…

"Saura ɗaya."