Faci na Goma Sha Takwas

Faci na goma sha bakwai take farkewa, na ƙarshe, lokacin da Tsinke ya faɗo shagon a guje, jakar makaranta tana dukan bayansa. Maman Tsinke ba ta ko ɗago ba. Tantin 'yan sikawut ya cinye mata shago tun daga ƙafar keken ɗinki har bakin ƙofa, yana warin hayaƙi da tsohon ruwan sama. Tana durƙushe a tsakiyarsa da reza, tana bin wani ɗinki da za ka rantse da ƙafa aka yi shi.

"Cire takalmi kafin ka taka min aiki," ta ce. "An ba ku hutun?"

Yaron ya ƙame a bakin ƙofa. Idonsa na kan kwandon da take zuba tsummoki.

"Mama, ina facin Malamin Farko?"

"Wane malami kuma? In tsummokaran nan kake nufi, ga su can. Sabon tamfol zan sa, ka kwana a bushe."

Ihun da ya saki ya sa hannunta ya zame. Rezar ta shige jikin tantin ta tsaga shi, tsawon tafin hannu. Kafin ta buɗe baki ta yi masa faɗa ya fice, ko jakar bai ajiye ba.

Shekarar Tsinke tara, kuma tun yana jariri ƙirjinsa ba ya shiri da sanyi. Yau da ƙarfe huɗu mota za ta kwashi 'yan sikawut na ƙauyen zuwa sansanin kwana uku a gindin dutse, karo na farko da zai kwana ba a ƙarƙashin rufin gidansu ba. A taron iyaye na makon jiya, sauran mata suna ta tafi, ita ta tashi da kofin ruwa ta sheƙa a kan tantin. Ruwan ya wuce kamar ta rariya. Ta ce ɗanta ba zai kwana a cikin wannan ba. Shugabansu ya ce to tunda ita tela ce, ta duba inda yake yoyo. Ta duba. Ko'ina yake yoyo, kuma duk ta bakin facin.

Ba a yi minti goma ba ta jiyo usur daga ƙarshen layi. Baba Usur kenan, shugaban ƙungiyar, tsohon da ko akuya ce ta tare masa hanya sai ya busa mata. Ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, gajeren wandon kaki a jikinsa, gwiwoyinsa kamar ƙullin igiya. Tsinke na maƙale a bayansa. Ya dubi tantin da ya koma ramuka. Ya dubi kwandon. Usur ɗin ya zame daga bakinsa ya rataya a ƙirji.

"'Yata," ya ce a hankali, "shekara arba'in da ɗaya kika zuba a kwando."

"Baba, ka zauna tukuna. Kai ka ce in gyara."

"Gyara na ce, ban ce ki yi masa aski ba!"

Ta jawo masa kujera, ta miƙa masa ruwa. Sai da ya sha ya iya magana. Ƙungiyar, in ji shi, ba ta da littafin tarihi. Sun taɓa yin guda, gara ta cinye. Tantin ne littafinsu. Ma'aikatan da suka gina gadar ƙauyen ne suka bar shi, wani malamin firamare ya roƙa aka ba shi, ya tara yara bakwai a ƙarƙashinsa, Baba Usur na cikinsu. Ranar farko malamin ya soke shi da sandar tuta. Nan take ya yanki hannun rigarsa ya toshe, ya kafa doka: duk wanda ya yaga tanti, da tufar jikinsa zai yi faci, kuma labarinsa ya zauna a wurin. Tun daga ranar, sabon yaro ba a ɗaura masa ƙyallen wuya sai ya zagaya tantin da sanda, ya taɓa kowane faci a gurbinsa, ya faɗi shekararsa da labarinsa.

"Sati uku ina haddacewa," in ji Tsinke, hanci na zuba. "Ke ma kina jina."

Tana jinsa kam. Kullum yana wanke-wanke yana rera "na ɗaya hannun riga, na biyu ƙafar wando", ita ta ɗauka wata sabuwar waƙar makaranta ce. Aure ne ya kawo ta ƙauyen, ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata.

"Tantin nan ba ya fita ba facinsa," Baba Usur ya ce. "In babu faci, babu ƙyallen wuya bana."

"Ɗana kuma ba ya shiga tantin da ke yoyo."

Suka dubi juna. Agogon bango ya ce sha biyu saura kwata. Tsinke ya dubi wannan, ya dubi waccan.

Maman Tsinke ta ɗaure ɗankwalinta tamau. "Tsinke, share hancinka, kama can. Baba, kama nan. Waje za mu fita da shi."

Suka shimfiɗa tantin a ƙofar shago. Ta juye kwandon a kan tabarma, tsummokara goma sha bakwai, kowanne da kalarsa.

"Sabon tamfol zai shiga ta ciki, ya tare ruwa," ta ce. "Facinku ya koma ta waje, ya tare tarihi. Kowa ya samu nasa."

"Wa zai san gurbin kowanne? Ni kaina sai tantin yana tsaye nake ganewa."

"Baba, kai ka san labari, ni na san yadi."

Ta nuna masa da ɗan yatsa. Rana ta shekara arba'in tana cin kalar tantin har ya koma fari-fari, amma inda faci ya rufe bai koɗe ba. Kowane rami yana zaune a cikin inuwar facinsa, mai kusurwa huɗu, mai uku, mai kama da kunnen jaki, ga ramukan tsohuwar allura a jere a gefe. Ta ɗauki hannun rigar malamin ta ɗora a kan wata inuwa, ya zauna daram.

Baba Usur ya busa usur har kajin maƙwabta suka watse.

Aiki ya kankama. Ta yanka tamfol, ta tura a keke, ƙafarta na tafiya kamar ana binta. Sai da ta karya allura biyu kafin ta sa babbar. Tsinke yana miƙo faci yana rera labarinsa, Baba Usur yana gyara masa shekara. Shuɗin nan na shekarar ambaliya ne, da suka kafa wa ungozoma tantin a kan tudu aka haifi yaro a ciki, wanda yanzu shi ke da kantin magani. Mai ruwan ƙwai na shekarar da yara uku kacal suka rage, har ana cewa ƙungiya ta mutu, suka tafi sansani su ukun, iska ta ɗauke tantin ta rataye a bishiya. Mai furanni na yarinyar farko da aka ɗauka, wadda ta ƙulla igiya da ƙarfin da ya tsinke kusurwa, don ta nuna wa maza.

"Wannan ɗinkin wa ya yi?" Maman Tsinke ta tambaya, tana ɗaga ƙafar wandon kaki.

"Ni ne."

"Allah ya sa kana da wata sana'ar, Baba."

"Malamin lissafi ne ni, 'yata, ba na yadi ba."

Wajen ƙarfe biyu mota ta tsaya, Baban Tsinke ya sauko, shi ne direban da zai kai yaran. Ya ji abin da ya faru a tasha, ya taho yana dariya tun daga nesa.

"Tela, an ce kin yi wa tarihi kaciya."

"Zo ka riƙe min gefen nan, ka rage surutu."

Daidai lokacin Tsinke ya ɗago wani jan ƙyalle, ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji. "Na goma sha ɗaya, jar singileti! Shekarar da kura ta yaga tanti da farce, Babana ya fito da sanda shi kaɗai ya kore ta!"

Wannan kurar Maman Tsinke ta san ta. Da ita aka nemi aurenta. Ta ji labarin ya fi sau ɗari, kuma duk shekara kurar ƙara girma take. Ta kai facin gurbinsa, ta tsaya. Ramin zagayayye ne, gefensa baƙi, ya ƙandare. Ta murza da yatsa, ta shinshina. Ta ɗago ta dubi mijinta.

"Baban Tsinke."

"Na'am."

"Kurar nan taku, da fitila take yawo?"

Ya yi tari. Ya duba tayar motarsa kamar yanzu ya tuna da ita. Baba Usur ya sunkuyo kusa da kunnenta, murya ƙasa-ƙasa yadda yaron ba zai ji ba.

"Ni na kashe wutar da bargona. Barci ya yi ya ture fitila. Kuka yake ta yi, yana cewa babansa zai cire shi daga ƙungiya. Sai na ce masa, ai ni kura na gani."

Ta dubi Tsinke, wanda har yanzu yake tsaye ƙirji a gaba yana kallon ubansa. Ta ɗora jar singiletin a kan ƙunar, ta bi ta da ɗinki layi biyu, ƙanana, yadda ko shekara arba'in aka ƙara ba mai leƙa ƙarƙashinta.

"Babbar kura ce," ta ce. "Na ga farcen."

Baban Tsinke ya share gumi. Daga nan har aka gama, ko me ta ce a miƙo, shi ke fara tashi.

Uku da rabi suka kafa tantin a fili. Yara sun fara taruwa da jakunkunansu, iyaye mata na tsaye. Maman Tsinke ta sa aka ciko bokiti uku.

"Baba, shiga ciki. Kai ma, mai kura."

Suka shige suka tsuguna. Ta hau benci ta sheƙa bokitin farko, na biyu, na uku, yara suna ƙirgawa da ihu. Ruwan ya gangaro ta gefe. Baba Usur ya leƙo, ya shafa kansa, ya nuna wa jama'a tafinsa a bushe.

"Yau ce rana ta farko da na shiga tantin nan na fito ba jiƙe ba," ya ce. "Amma akwai sauran magana." Ya nuna can ƙasa, kusurwar baya. Tsagar rezar na nan, tamfol ya tare ta ta ciki, amma ta waje bakinta a buɗe. "Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba. Yanzu zan sa mata yankin tamfol."

"Doka ba ta ce tamfol ba."

"Ni ba 'yar sikawut ba ce."

"Doka ba ta ce ɗan sikawut ba. Cewa ta yi duk wanda ya yaga."

Mata suka kwashe da dariya. Ta dubi kusurwar. Ta tambayi wa ke kwana a wurin, aka ce mafi ƙanƙanta, don shi ne ba ya buge kai da rufi. Ba sai an faɗa mata ko wane ne ba.

Ta shiga shago ta buɗe akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Zanen da ta goya Tsinke da shi yana can ƙasa a ninke, kore mai ɗigon fari, ya yi laushi don wanki. Shekara bakwai ba ta bari kowa ya taɓa shi ba. Ta sa almakashi ta yanki gefe ɗaya, ta fito ta durƙusa ta ɗinka da hannu, jama'a na tsaye a kanta.

"Me zan ce a na goma sha takwas?" Tsinke ya tambaya.

"Ka ce zaki ne ya..." ubansa ya fara.

"Ka ce reza ce ta zame wa mamanka," ta katse shi, ta ciji zaren. "Kura ɗaya ta ishi gidanmu."

Aka naɗe tantin aka ɗora a mota. Ta duba jakar Tsinke karo na uku, ta tabbatar maganin tari na aljihun gefe, ta gaya wa Baba Usur lokutan shansa, ta sa ya maimaita. Tsinke ya zame daga hannunta ya haye, bai ko waiwayo ba, yana gaya wa wani yaro cewa facin bana na gidansu ne, yanzu suna da biyu. Usur ya yi kuka, mota ta tashi.

Tana tattara guntayen tamfol ta ji ɗigon farko a kan rufin kwano. Ta miƙe zumbur, hannunta ya kai kan lemar da ke rataye a bayan ƙofa. In ta hau babur yanzu, za ta cim musu kafin gada.

Ta tsaya tana sauraren ruwan. Sai ta saki lemar, ta koma kan keke, ta jawo zanen goyon, ta fara kalmashe bakin da ta yanka don kada ya zare.