Hannun Mai Ɗagawa

Shekara ashirin da biyu ke nan Malama Monica ba ta ƙaunar jin sunan Beatrice Haggai. Tare suka yi sakandare a Zuru, tare suka buga ƙwallon raga a filin nan mai jar ƙasa. Monica ce mai ɗagawa: ita ke tarar ƙwallo da yatsu goma, ta aza shi saman raga daidai inda hannun Beatrice zai same shi. Beatrice ta yi tsalle ta doka, 'yan kallo su tashi da ihu. Su kuwa 'yan kallo, Allah ya shirye su, ba su taɓa yi wa mai ɗagawa ihu ba.

Da masu zaɓen 'yan wasa suka zo daga Birnin Kebbi, Beatrice suka ɗauka. Daga nan sai kulob a Kaduna, sai hira a rediyo, da gwiwa ta gaza kuma ta zama koci. Monica ta koma makarantarsu tana koyar da motsa jiki. Kishi ne ke cinta, ta kuma sani. Har a coci ta roƙa a cire mata shi, bai fita ba.

Sai ga 'yarta Joyce ta taso gajeriya kamar uwar, da yatsun uwar sak. Monica ta rantse wannan ba za ta yi wa kowa bauta ba. Duk ranar da yarinyar ta manta ta ɗaga ƙwallo, sai ta ji tsawa: "Doka! Ban haife ki don ki yi wa wata shimfiɗa ba." Ta sa ta tsalle a matakalar aji har ƙafafunta suka yi kauri kamar taɓarya.

To amma mai dokawa sai da mai ɗagawa. Monica ta duba ta zaɓo Khairunnisa, wata shiru-shiru 'yar Mahuta da ba ta taɓa cewa a'a. Shekara uku tana gasa mata aya a hannu: ɗagawa ɗari biyu a jikin bango kafin karin kumallo, yadda ake karanta kafaɗar abokin hamayya, yadda ake duban gabas a aika ƙwallo yamma. Duk abin da ta sani ta juye mata, ba don ƙauna ba, don dai Joyce ta sami ƙwallo mai kyau.

Bana aka ce Beatrice za ta zo ta ɗauki yarinya ɗaya tak zuwa kulob ɗinta, har da karatu. Monica ta ce a ranta, abin da aka hana uwa yau 'ya za ta karɓa, daga hannun wadda ta cinye shi kuma.

Ranar gwaji Joyce ta doka har raga ta koka. Fili ya ɗauki sunanta. Monica na satar kallon Beatrice, wadda ta zauna a benci ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, ta ga idonta ba a saman raga yake ba.

Da aka tashi, Beatrice ta ɗingiso ta kama hannunta.

"Mutuniyar, ba ki tsufa ba."

"Ke ma haka," in ji Monica, tana ƙirga furfurarta.

"Kin san mi ya kawo ni? Masu dokawa sun yi mini yawa, dogaye, ko'ina akwai su. Tun da na bar garin ga ban sake samun mai aza mini ƙwallo kamar ke ba. Rabin ciwon gwiwag ga, bin ƙwallon banza ne. Na ce in akwai hannun Monica a duniya, Zuru yake." Ta nuna Khairunnisa da haɓa. "Ga shi kuwa. Ita zan ɗauka."

Maganar da Monica ta yi shekara ashirin da biyu tana jira ke nan, ta kuma iso a ranar da ba ta da amfani.

"Joyce fa? Ta iya ɗagawa, tun tana ƙarama…"

"Na gwada ta ɗazu. Yatsun sun bushe, ƙawata. Ga dokawa kuma, tsawon bai kai ba. Wa ya hana ta ɗagawa?"

Monica ta waiwaya. Can gefen fili 'yan mata sun kewaye Khairunnisa suna rungumarta. Joyce na tsaye ita kaɗai jikin turken raga, ƙwallo a hammata, tana kallonsu. Monica ta san wannan kallo. Ita ma a jikin wannan turken ta fara yinsa.